Jan Tambari a Kan Murfin Gwaggo

Daga:
Mai tsohuwar farar motar burodi,
Gidan ƙarshe, layin bayan tankin ruwa.

14 ga Afrilu

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Sashen Sauya Gas na Tsofaffin Motoci,
Hukumar Kula da Na'urorin Sanyi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JAN TAMBARIN DA AKA LIƘA WA MOTAR MAI ƘORAFI BAYAN SAUYA MATA GAS ƊIN ESI, DA SHARAƊIN SAI MAI MOTA TA ZO OFIS DA ƘAFARTA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta sami mai girma cikin ƙoshin lafiya, shi da iyalinsa da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Mai ƙorafi ba ta taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, karatunta kuma bai wuce aji huɗu na firamare ba. Tana roƙon a yi mata uzuri idan an ga kalma ta zauna inda ba wurinta ba. Ga abin da ya faru, kamar yadda ya faru.

1. Mai ƙorafi budurwa ce, auta a gidansu, tana zaune da mahaifinta da mahaifiyarta. Tun tana ƙarama take da ciwon fata wanda ba ya shiri da rana. Likitoci suna da wani dogon suna da suke kiransa, a gida kuwa cewa ake yi rana ba ta ƙaunar Auta. Idan hasken rana ya taɓa ta, ko ta gilashin taga ne, wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya ɗuri ruwa kamar an watsa mata tafasasshen mai. Wannan ne ya fitar da ita daga makaranta, ba rashin son karatu ba. Daga nan duniyarta ta koma ɗaki biyu da barandar da aka zagaye da labule. Ta san unguwarsu da kunne fiye da ido: ta san tarin mai wanki, ta san ƙarar ƙofar kowane maƙwabci, amma da yawansu ba ta san fuskarsu ba.

2. Mahaifin mai ƙorafi direban gidan burodi ne har ya tsufa. Da ya ajiye aiki, aka bar masa motar da ya yi shekaru yana tuƙawa. A gida ana kiranta Gwaggo, saboda ba ta tashi da safe sai ta yi mita, kuma ba ta son a matsa mata. Bayanta rufaffe ne, babu taga sai wata 'yar ƙarama a ƙofar baya, ita ma Baba ya shafe ta da baƙin fenti. Ya cire katakan jera burodi, ya ɗaure kujera guda da ƙusa, ya rataya labule mai kauri tsakanin mazaunin direba da baya. Sannan ya samo tiyon tsohon injin wanki, ya haɗa shi da bakin esi, wato na'urar sanyaya mota, ya jawo sanyin har gefen kujerar. Duk wanda ya leƙa sai ya yi dariya, amma da wannan tiyon mai ƙorafi ta fara fita da rana kamar sauran mutane. Ana roƙon mai girma ya riƙe wannan a ransa: idan babu esi, bayan Gwaggo tanda ne. Baba da kansa yakan ce motar burodi ce, in aka kashe mata sanyi sai ta tuna sana'arta.

Akwai abu guda kuma. Baba ya sa sunan mai ƙorafi a takardun motar, ba nasa ba. Dalilinsa shi ne yau da gobe sai Allah, ba ya son ran da ƙasa ta rufe masa ido wani ya ce a sayar da tsohon ƙarfe a raba. Ya yi hakan ne don ya kare 'yarsa. Mai girma zai ga a gaba yadda wannan kariya ta koma sarƙa.

3. A bara, wata mai shagon saƙar rigunan sanyi na 'yan makaranta, wadda kowa ke kira Anti, ta karɓi mai ƙorafi koyon aiki. A can ƙuryar shagon akwai ɗaki marar taga wanda sauran 'yan mata ke gudu, suna cewa kabari ne. A nan aka ajiye mata keken saƙa. Ita kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin da ya yi mata faɗi kamarsa ba. Kowace safiya Baba yakan yi baya-baya da mota har bayanta ya kusan shiga ƙofar shagon, ta sauka cikin inuwa, 'yan matan su yi ta ihu suna cewa a ba da hanya ga Sarauniya ta iso. Da farko takan rasa inda za ta sa fuskarta don kunya. Daga baya ta fara ɗaga musu hannu kamar sarauniyar gaske. Ta koyi haɗa wuya da hannun riga, ta kai ga Anti tana miƙa mata aikin da ba ta yarda da kowa a kai ba. A nan ne karon farko wani wanda ba ɗan gidansu ba ya yi mata faɗa, ta koma gida tana murna.

4. A farkon watan Fabrairu hukumarku ta sanar cewa duk tsohuwar mota mai amfani da tsohon gas sai an sauya mata zuwa sabo, domin tsohon yana ɓata sararin sama. Mai ƙorafi ba ta da ja a kan wannan. An bayyana mata cewa tsohon gas yana cinye abin da ke tare zafin rana a sama, to in akwai wadda ya kamata ta yi addu'a ga wannan doka, ita ce. Ita ta matsa wa Baba ya kai motar da wuri.

Ranar 20 ga Fabrairu Baba ya kai Gwaggo garejin da ke gefen gadar sama, ɗaya daga cikin waɗanda hukumarku ta amince da su. Mai garejin, wanda ake kira Injiniya, ya zuƙe tsohon gas, ya ce ya wanke tsohon mai, ya canza robobi, ya ɗura sabo. Sai dai akwai abubuwa uku da bai yi ba, waɗanda mai ƙorafi ta ji daga baya cewa dole ne. Bai bar sabon bakin ɗura gas a jikin motar ba: ya ɗaura nasa, ya gama, ya kwance, ya jefa aljihu, ya ce kayan sun ƙare, saboda haka tsohon bakin ya zauna yadda yake. Bai liƙa sitikar da ke nuna an sauya gas ba, ya ce a dawo wani makon. Kuma bai faɗa wa Baba cewa ba a haɗa tsoho da sabo ba. Baba ya tambaye shi da bakinsa, in sanyin ya ragu fa? Ga amsar da ya bayar, kuma Baba a shirye yake ya maimaita ta a gaban kowa: "Haba Baba, sai a ƙara mana. Kamar shayi ne, in ya yi ƙasa a tsiyaya."

5. A nan mai ƙorafi za ta faɗi abin da ba ta so faɗa ba, domin ba ta son mai girma ya ji shi a bakin wani. Bayan sauyin, sanyin bai kai na da ba, musamman idan mota ta tsaya a cunkoso. Ita ba ta ce komai ba. Ba halinta ba ne ta ce ana zafi alhali tsoho yana gaba yana fama da sitiyari. Amma wata safiya labulen ya ɗan zame, Baba ya hango ta a madubi tana goge wuya da gefen mayafi.

Ashe tun shekarun baya, da ya ji ana cewa tsohon gas zai yi wuyar samu, ya sayi 'yan gwangwanaye ya naɗe a tsohuwar rigarsa ta aiki, ya ɓoye a saman kwaba. Ko mahaifiyar mai ƙorafi ba ta san da su ba. Wasu iyayen zinariya suke ajiye wa 'ya'yansu mata, shi sanyi ya ajiye. Ran nan da ya sauke ta a shago, ya koma gida, ya sauko da gwangwani, ya gwada a bakin motar, ya ga ya shiga daidai wa daida, tunda tsohon bakin ne. Ya tsiyaya, kamar shayi. Da yamma ya zo ɗaukarta yana ta murmushi, yana tambaya ko Sarauniya ta ji wani canji.

Mai ƙorafi ba ta ce mahaifinta ya yi daidai ba. Abin da take cewa shi ne, da an bar sabon baki a motar, gwangwaninsa ba zai shiga ba. Da an liƙa sitika, da ya sa ta karanta masa. Da an ba shi amsar gaskiya, da gwangwanayen suna nan a saman kwaba har yau.

6. Ba a jima ba kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin esi, ta fara kamawa tana saki, sanyin ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, daga ƙarshe ya ɗauke gaba ɗaya. Ranar 9 ga Maris Baba ya mayar da motar garejin Injiniya, ya tarar da jami'in bincike na hukumarku a wurin. Jami'in ya jona wata na'ura, ta nuna gas ɗin gauraye ne. Nan take ya liƙa jan tambari a kan murfin injin, rabi a murfi rabi a jikin mota, ya ce an yarda a kai ta gida kawai. Daga nan ba a tuƙa ta, ba a buɗe murfin, wanda ya yaga tambarin za a ƙwace motar. Ya ce gaurayayyen gas ba a sakinsa a iska, ba kuma kowace na'ura ke zuƙe shi ba, sai tukunya ta musamman da ke harabar hukumarku.

Baba ya juya ga Injiniya, ya tuna masa maganar shayi. Injiniya ya ɗaga hannu sama ya ce shi wasa ya yi, wa ya san tsoho zai ɗauki wasa ya zuba a mota? Ya ce ko da kuɗin duniya ba zai jona na'urarsa ba, don gas ɗin zai lalata masa tukunya. Sauran garejin da Baba ya zagaya a ƙafa duk bakinsu ɗaya. Masu sabon gas suka ce ba tasu ba ce, masu tsohon kuwa an riga an rufe su. Gwaggo ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsaye, ba ta cikin dabbobi.

7. Washegari Baba ya je ofishinku, taga ta biyu, neman izinin kawo motar a zuƙe gas ɗin. Ma'aikacin tagar ya duba hoton da ke jikin takardu, ya dubi Baba, ya sake duba takardu, ya ce, "Dattijo, wannan ai ba fuskarka ba ce, sai dai in ka yi aski." Ya ce doka ta ce mai mota ne zai zo da kansa ya sa hannu a gaban jami'i. Baba ya yi bayani. Ma'aikacin ya ce a kawo takardar likita. Baba ya kawo. Ma'aikacin ya karanta, ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma takardar ta nuna ba ta da lafiya ne, ba ta nuna ta amince ba. Baba ya kira mai ƙorafi a waya ya miƙa masa ta ƙarƙashin gilashi. Ta tattara duk ƙarfin halinta ta gaishe shi. Ya amsa da mutunci, ba za ta yi masa ƙarya ba, sannan ya ce murya ba ta sa hannu. Baba ya ce to a mayar da motar sunansa. Ma'aikacin ya ce wannan mai sauƙi ne, taga ta biyar, sai dai mai motar ta zo ta sa hannu.

Ofishinku yana buɗewa bayan rana ta fito, yana rufewa tun ba ta faɗi ba. Mai ƙorafi tana roƙon mai girma ya dubi wannan da kyau, domin ita ta juya shi ta kowace fuska ba ta ga ƙofarsa ba. Ba a gyara motar sai ta zo. Ba ta iya zuwa sai a motar. Motar ba ta motsi sai an gyara ta.

8. Don kada a ce ba ta gwada ba, ranar 24 ga Maris ta shiga tasi. Mahaifiyarta ta naɗe ta da bargo, ta sa mata safar hannu da baƙin tabarau, ta zauna gefenta ta wajen rana don ta tare. Direban mutumin kirki ne, amma motarsa ba esi, gilashinta fari. In an ɗaga gilashi numfashi ya gagara a cikin bargo, in an sauke iska ta kware bargon. A gadar sama cunkoso ya riƙe su. Mai ƙorafi ba ta san lokacin da kanta ya faɗa kafaɗar mahaifiyarta ba. Abin da ta tuna shi ne muryar direban yana cewa, "Mama, wallahi mu juya, ba zan kai gawa ofishin gwamnati ba." Mahaifiyarta ta ce daga inda suka juya ana hango tutar da ke ƙofar ofishinku. Inda safar ta ƙare a wuyan hannu da gefen kumatu suka ɗuri ruwa, ta yi kwanaki ba ta iya riƙe cokali. Da wannan hannun take rubuta takardar nan, shi ya sa layukan suka karkace.

9. Yanzu Gwaggo tana tsaye a ƙofar gida. Idan mai ƙorafi ta ɗaga gefen labule kaɗan da sassafe, jan tambarin ne abu na farko da take gani. Abu na biyu Baba ne, da tsumma a hannu, yana goge motar da ba ta zuwa ko'ina. Yana goge ko'ina ban da wajen tambarin, yana zagaye shi kamar ciwo. Mutumin da ba a gama cin abinci bai sa kowa dariya ba, yanzu sai a ajiye masa kwano a ɗauke yadda aka ajiye. Ya daina shigowa ɗakinta. Daga bakin ƙofa yake tambaya ko Auta ta tashi lafiya, kafin ta amsa ya wuce. Ta fi jin zafin wannan a kan na hannunta.

Akwai kuma wani maƙwabci mai facin taya da ke yawan zuwa yana yi masa raɗa, wai abin nan ba ya buƙatar ofis, ƙusa ɗaya ta ƙarƙashin mota a huda, iska ta kwashe gas ɗin, wa ya gani? Baba ya kore shi sau biyu. Na uku bai kore shi ba. Mai ƙorafi ta roƙi mahaifiyarta ta ɗauko akwatin sifanonin Baba, yanzu yana ƙarƙashin gadonta. Ba ta taɓa ɓoye wa mahaifinta komai ba sai wannan. Ba ta faɗi haka don a kama kowa ba, babu wanda ya taɓa motar. Ta faɗa ne don mai girma ya san cewa a gidan nan ana bin dokarku, amma ana bin ta ne da haƙori a cije.

10. Anti ta zo gida da kanta a makon jiya. Ta zauna bakin gado, ta kama hannun mai ƙorafi ta juya shi. Ta ce ta lulluɓe keken da zane, rigar da mai ƙorafi ta bari rabi tana nan a jikinsa, babu wanda ya taɓa. Mahaifiyar mai ƙorafi ta tambaya ko za a iya kawo keken gida, Anti ta ce ba nata ba ne ita kaɗai, kuma ko nata ne, ba don saƙa kawai take son yarinyar nan ta fito ba. Sannan ta ce, "Sarauniya, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Makarantu sun kawo aiki, keke ba zai yi ta barci ba. Zuwa ƙarshen watan nan zan iya toshe bakin mutane. Bayan nan sai in zaunar da wata." Mai ƙorafi ba ta ga laifinta ba. Anti ta yi haƙurin da ko 'yar'uwa sai haka.

Bisa ga abubuwan da aka zayyana, mai ƙorafi tana roƙon mai girma, cikin ladabi da ƙanƙan da kai:

(a) Ya turo jami'i guda gidan nan da takardar da ake so a sa wa hannu, ko ya ba da izini a karɓe ta a ofis bayan faɗuwar rana, sau ɗaya tak.

(b) Ya ba da izinin kai motar harabar hukuma a zuƙe gaurayayyen gas ɗin, a cire tambarin, kafin ƙarshen wannan wata na Afrilu.

(c) Ya umarci garejin da ke gefen gadar sama ya ƙarasa aikin da ya fara, da baki da sitika, ya kuma daina wasa da tsofaffin da suka tambaye shi tsakani da Allah.

(d) Idan akwai hukunci a kan haɗa gas ɗin, a rubuta shi da sunan da ke cikin takardun mota. Tunda hukuma ba ta san Baba ba wajen sa hannu, kada ta san shi wajen hukunci. Sauran gwangwanin da ya rage yana nan a naɗe, za a miƙa shi ga duk wanda aka turo.

Ranka ya daɗe, ba ina neman a karya doka saboda ni ba. Ina neman doka ta tako ƙafa kaɗan, tunda ita rana ba ta ƙona ta. Na taɓa zama a ɗakin nan shekaru ban ce uffan ba, don a lokacin ban san abin da ke waje ba. Yanzu na sani.

Idan an turo jami'i, gidan ba shi da wuyar ganewa, farar mota mai jan tambari tana ƙofarsa. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗan yi haƙuri idan ba a buɗe da wuri ba. Ba raini ba ne. Sai an sauke labulen baranda kafin in iya zuwa bakin ƙofa, kuma ina so ni ce zan buɗe masa da hannuna. Biro yana nan a ajiye.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya da adalci. Ina jiran amsa, a inda kullum ake samuna.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Auta, 'yar direban burodi,
mai motar da ke cikin takarda.